Manhajar waya, taswirar Windy ko hukumar ƙasa: wa matafiyi zai saurara kan guguwar dusar ƙanƙara?

Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu, lokacin da hazo ke rufe hanyar Samaru har masu babur su riƙa kunna fitila da hantsi, shi ne kuma lokacin da wasu 'yan Zariya ke ɗaure kaya zuwa ƙasashen da sanyinsu ya fi ƙarfin suwaita. Akwai malaman Jami'ar Ahmadu Bello da suka samu gurbin ƙaro karatu a zangon Janairu, akwai likitocin da aka kira aiki Birtaniya, akwai iyaye mata masu zuwa wankan jegon 'ya'yansu a Kanada ko Amurka. Duk wanda ya sayi tikiti a wannan tsakanin ba ya rasa wanda zai turo masa hoton taswira mai shuɗi da shunayya a rukunin WhatsApp na gida, an rubuta a ƙasa cewa wata guguwar da ba a taɓa gani ba tana tafe. Sai Hajiya ta kira: "Ka ga abin da yayanka ya turo? Don Allah a ɗaga tafiyar nan." Ɗaga tafiya kuwa kuɗi ne, da dala ake biya, kuma jami'a ba ta jiran wanda ya makara rajista.

Wurare uku mutum ke samun labarin yanayi a irin wannan hali: manhajar da ke cikin wayarsa, taswirorin lissafin kwamfuta irin waɗanda ake gani a manhajar Windy, da kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasar da zai je. Ba matsayinsu ɗaya ba, kuma kowannensu da ranar da yake da amfani. Kafin a auna su, dole a raba tambayoyi biyu da mutane ke haɗewa: dusa nawa za ta zuba, da kuma irin sanyin da zai biyo bayanta. Ta farko wuyar amsawa gare ta ko ga gwanaye. Ta biyu ana iya hango ta tun da nisa, kuma ita ce ta fi kashe mutane.

Abin da ya sa dusa ke ba masu hasashe wuya shi ne sai abubuwa uku sun haɗu a wuri guda: damshi a sama, sanyin da ya isa tun daga gajimare har ƙasa, da hanyar da cibiyar guguwar za ta bi. Digiri ɗaya ko biyu kacal ne ke raba ruwan sama da dusa, da kuma na ukunsu wanda ya fi su sharri, ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa kwalta ko wayar lantarki. Idan cibiyar guguwa ta karkata da kilomita 80, kimanin nisan Zariya zuwa Kaduna, garin da aka ce zai samu rabin mita zai iya tashi da tsabar ruwa, maƙwabcinsa kuma a kwana ana haƙa motoci. Sai kuma batun laushi. A bisa al'ada milimita 10 na ruwa kan ba da dusa santimita 10, amma idan sanyi ya yi tsanani, wannan ruwan zai iya ba da santimita 20. Ka ga ko da an yi daidai wajen yawan ruwan, ana iya kuskure ninki biyu a tsayin dusar.

An ga haka a New York a ƙarshen Janairun 2015. An yi hasashen santimita 60 zuwa 90, aka hana motoci fita, aka rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba saboda dusa. Da gari ya waye, abin da ya zuba a tsakiyar birnin bai wuce santimita 25 ba. Guguwar ta zo, da ƙarfinta kuma, sai dai ta ɗan ratse gabas, ta juye wa Boston kusan santimita 60.

Sanyi ba haka yake ba. Tarin iska ne mai faɗin dubban kilomitoci da ke zaune a arewacin Kanada ko Siberiya, an riga an auna shi da tashoshin ƙasa, da balan-balan ɗin da ake saki sama sau biyu a rana, da taurarin ɗan'adam. Abu mai irin wannan girma ba ya ɓoyuwa. A arewacin duniya iska kan kewaya cibiyar guguwa ne saɓanin hannun agogo, saboda haka da zarar cibiyar ta wuce gari, sai iska ta juyo daga arewa ta jawo wancan tarin sanyi. Gajimare ya watse, sabuwar dusa ta riƙa mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama, da dare kuma ɗan ɗumin da ƙasa ta tara ya tsere ba abin da zai tare shi. Shi ya sa daren da ya fi kowanne sanyi yakan zo ne bayan an daina dusa, sa'ad da sama ta yi garau, baƙo kuma ya ɗauka an gama.

A jihar Texas, a Fabrairun 2021, dusar da ta zuba ba wani abin a zo a gani ba ce idan aka kwatanta da ta Kanada. Sanyin da ya biyo ne ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a Dallas, ya daskarar da bututun gas da na ruwa, gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta, hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. An kuwa ga zuwan sanyin kwanaki da dama kafin ya iso.

To, mu ɗauki manhajar waya. Kyawunta a fili yake: kyauta ce, tana hannunka, tana ba ka sa'a bayan sa'a, kuma za ka iya saka Toronto ko Manchester kusa da Zariya ka riƙa dubawa tun kana gida. Idan tambayarka ita ce me zan saka yau, ko ƙarfe nawa dusa za ta fara da yamma, ta ishe ka. Matsalarta ita ce yawancin manhajoji kwamfuta ce ke zuba musu lamba kai tsaye, ba tare da wani masani ya duba garinka ba, kuma lamba ɗaya tak suke nunawa. Ba za su gaya maka cewa lissafin da ya ba da santimita 30 yana da 'yan'uwa da suka ba da 5 ba. Hoton dusa na rana ta goma da hoton gobe iri ɗaya ne a allo, alhali ɗaya kusan tabbas ne, ɗaya kuwa cinta ce. Wani shafin ilimantarwa na hukumar NOAA mai kula da yanayi a Amurka ya ce hasashen kwana 5 kan yi daidai kusan sau 9 cikin 10, na kwana 7 kusan sau 8 cikin 10, na kwana 10 ko fiye kuwa rabi da rabi ne. Wannan ma maganar yanayi ce gaba ɗaya, ba tsayin dusa ba. Tun shekarun 1960 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a awon farko yakan yi ta girma har ya cinye hasashen, kuma masana sun tsaya a kan cewa iyakar abin ba ta wuce mako biyu da yawa ba. Duk da haka kamfanin hasashen yanayi na AccuWeather na ba da hasashen kwana 90, rana-rana. A ganina wannan ado ne kawai, kada wanda ya taɓa tikitinsa saboda shi.

Akwai tarko guda da ke kama mutanenmu musamman. Manhaja a Amurka kan nuna ma'aunin Faranhait, mu kuwa da Salshiyas muka saba. Bazazzagi ya ga an rubuta 20, ya ce ai wannan da daɗi, ko hantsin Janairu a unguwar Kongo ta Zariya ya kai haka, alhali digiri 7 ne ƙasa da sifili. A nasu ma'aunin 32 ne ruwa ke daskarewa, sifilinsu kuma namu 18 ne ƙasa da sifili. A sauya ma'aunin tun kafin a hau jirgi, a sauya wa Hajiya nata ma.

Taswirorin lissafi su ne suka fi ɗaukar ido, kuma su ne tushen yawancin firgicin da ke yawo a waya. Manya biyu aka fi ambata. Akwai lissafin Turai, na cibiyar ECMWF da aka kafa a 1975, hedikwatarta a Reading ta Ingila, manyan kwamfutocinta yanzu a Bologna ta Italiya. Akwai lissafin Amurka, GFS, wanda ake gudanarwa sau huɗu a rana, yana hangen kwana 16. Jamus ma na da nata, ICON. Manhajar Windy, ta wani kamfanin ƙasar Czech, tana barin ka ka danna ka ga kowannensu a kan taswira ɗaya.

Idan aka tara shekaru aka auna, na Turai ne kan gaba, wannan ba a jayayya a kai. Ya yi suna a Oktoban 2012, lokacin da ya nuna mahaukaciyar guguwar Sandy za ta juyo ta faɗa wa gaɓar New Jersey kusan mako guda kafin ta iso, na Amurka kuwa yana ta kai ta cikin teku. Amma a waccan dusa ta New York ta 2015, na Turai ne ya dage cewa birnin zai sha, na Amurka ya fi kusa da gaskiya. Saboda haka wanda ya ce maka "ai na Turai ya faɗa" bai kawo ƙarshen magana ba. Su kansu masu cibiyar ta Turai ba sa dogara da lissafi sau ɗaya. Sukan maimaita lissafin sau 51, kowanne da ɗan bambanci a awon farko, Amurkawa kuma sau 31, sannan a duba nawa ne suka yarda da juna. Idan 45 cikin 51 sun kawo sanyi Chicago ranar Alhamis, sanyi na zuwa. Idan 6 ne kawai suka kawo rabin mitar dusa, to shida ne kawai. Hoton da ake turowa a rukunin gida kusan kullum ɗaya ne daga cikin irin waɗannan shidan, wani mai neman mabiya ya zaɓo wanda ya fi ban tsoro ya saka a Facebook.

Ana iya gane shi cikin daƙiƙa kaɗan. A saman hoton ko a kusurwarsa akwai ranar da aka gudanar da lissafin, da lambar sa'o'in da yake hange. Idan ka ga 240, kwana goma ke nan. Idan ka ga 384, kwana goma sha shida. Duk abin da ya haura 168, wato mako guda, kalle shi ka wuce. Wani lokaci ma za ka tarar hoton na bara ne.

Ba na cewa taswirorin ba su da amfani. Ga mai haƙurin kallo, irin ɗaliban sashen nazarin ƙasa a Samaru ko yaran Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta nan Zariya da ake koya wa karanta yanayi, Windy makaranta ce mai daɗi. Babban amfaninta ga matafiyi abu biyu ne: ka ga ko lissafin Turai da na Amurka sun yarda da juna, kuma ka buɗe shafin zafi da sanyi, ba na dusa ba, ka ga tarin sanyin na gangarowa kwana biyar zuwa bakwai kafin ya iso. A nan ta fi manhajar waya nesa ba kusa ba. Amma kada ka karanta tsayin dusa daga gare ta ka yanke hukunci.

Hukumar ƙasa ita ce ba ta da kwalliya, kuma ita ce zan ba wa tikitina. A Amurka hukumar na da ofisoshi 122, kowanne da masanan da ke zaune a yankin da suke yi wa hasashe, shafinsu weather.gov kyauta ne, ba talla. A Kanada ma'aikatar muhalli ce ke yi, tana da manhajar WeatherCAN. A Birtaniya akwai Met Office, wadda ke aiki tun 1854, gargaɗinta kala uku ne: rawaya, ruwan goro, da ja. Waɗannan mutane suna ganin duk lissafin da kake gani a Windy da ma wasu, sannan sun san halin garinsu. Misali, a Buffalo tafkin Erie kan haifar da dusa a siririn layi. A Nuwamban 2014 unguwannin kudancin birnin sun samu kusan mita 2, 'yan kilomitoci kaɗan a arewa kuwa abin da ya zuba bai taka kara ya karya ba. Lissafin da ke kallon duniya gaba ɗaya ba ya iya ware irin wannan layi da kyau, ma'aikacin da ya shekara ashirin a wurin kuwa ya san wace iska ke kai shi ina.

Abin da ya fi burge ni da ofisoshin Amurka shi ne suna rubuta bayanin tunaninsu sau da dama a rana, su faɗi inda suke da tabbas da inda suke shakka, kuma da yawansu kan ba da lamba uku: mafi ƙaranci, abin da aka fi zato, da mafi yawa. Sanarwarsu hawa-hawa ce. Da farko a ce a yi shiri, yawanci kwana ɗaya zuwa uku kafin abin, ma'ana yana iya faruwa. Daga baya a fitar da cikakken gargaɗi, ma'ana ya zo ko yana bakin ƙofa. Kalmomin suna da ma'auni, ba yadda aka ga dama ake furta su ba: kafin Amurka ta kira guguwa da sunan mafi tsanani, sai iska ta kai kilomita 56 a sa'a, ido ya kasa ganin abin da ya wuce mita 400, kuma a ɗauki sa'a 3 a haka. A yawancin Kanada kilomita 40 ne da sa'a 4.

Suna kuskure? Ƙwarai kuwa, hasashen New York na 2015 nasu ne. Shafin Amurka kuma da inci da Faranhait yake magana, Turancinsa na ma'aikata ne, kuma ba ya wuce kwana bakwai. Amma su ne makarantu da filayen jirgi da masu share hanya ke bi. Ko da manhajarka ta fi su daidai a wata rana, jami'arka da gargaɗinsu za ta rufe. A Disamban 2022 sun kwana da yawa suna faɗakarwa kafin guguwar da ta zuba wa Buffalo fiye da mita guda, ta kashe mutum sama da 40 a yankin, wasu a cikin motocinsu.

Ga yadda zan shawarci ƙanina ya raba musu aiki. Idan saura kwana goma ko fiye, kada ya saurari kowa a cikinsu kan batun dusa, kuma kada ya taɓa tikiti. Saura mako guda, ya duba sanyi: Windy ko manhaja duk za su nuna masa ko makon saukarsa na digiri 2 ne ko na 25 ƙasa da sifili, kuma wannan ya isa ya san irin rigar da zai riƙe a hannu maimakon ya cusa ta a akwati, ya kuma tabbatar da wanda zai ɗauke shi daga filin jirgi. Saura kwana uku, ya koma ga hukuma ita kaɗai. Haƙurin nan yana da riba ta kuɗi ma: manyan kamfanonin jirgi na Amurka da Kanada kan ba da damar sauya rana ba tare da tara ba idan guguwa ta tabbata, saboda haka wanda ya firgita ya sauya tun da mako biyu ya biya abin da mai jira zai iya samu kyauta.

Kuma ba garin sauka kaɗai ake dubawa ba. Mai tashi daga Abuja ko Kano zai ya da zango a wani wuri. Filin jirgin Istanbul ya tsaya cak saboda dusa a Janairun 2022, na Heathrow a Landan ya yi haka a Disamban 2010. Dusar da Montreal za ta share kafin a gama karin kumallo tana iya hana Landan motsi, don haka gargaɗi mai ruwan goro a Ingila ya fi santimita 15 a Kanada barazana ga tafiyarka. Zangon farko ma yana da nasa: ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi kan rage gani a Kano da Kaduna har a jinkirta jirage, kuma hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen kwana uku da ke faɗin haka. Wanda zai haɗa jirgin cikin gida da na waje a watan Janairu ya bar tazarar kwana guda.

Ga Hajiya mai zuwa jego, duk wannan ya yi yawa. Manhaja ɗaya a ma'aunin Salshiyas ta ishe ta, hukunci kuma a bar wa mai masaukinta, shi ne ke samun saƙon gargaɗi a wayarsa.

Layi guda nake so kowa ya koyi nema, a manhaja ko a shafin hukuma: sanyin da jiki ke ji idan an haɗa da iska. Hukumar Kanada ta ce idan wannan lamba ta kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. A ƙarshen Janairun 2019 Chicago ta ga digiri 31 ƙasa da sifili, da iska kuma ya zarce 40. A irin wannan rana ba a fita da damshin alwala a fuska ko hannu, a goge tsaf tukuna. Jibgegiyar rigar gwanjo ta kasuwar Sabon Gari za ta kai mutum daga filin jirgi zuwa masauki, amma takalmi da safar hannu gara a saya can.

Idan kuma wuta ta ɗauke, kada a yi abin da muka saba yi da hunturu, wato shigar da kaskon gaushi ɗaki a rufe ƙofa. Ko a nan Zariya yana kisa, balle a gidajen da aka toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita. Daga cikin waɗanda suka rasu a Texas akwai waɗanda iskar guba marar wari ta kashe, daga gawayi, ko janareta, ko motar da aka kunna a rufaffen gareji. Garuruwa da jami'o'i da yawa kan buɗe zaurukan ɗumi idan an yi gargaɗin tsananin sanyi, ana samun adireshinsu a shafin hukumar garin. A kwafe shi a takarda tun ranar da aka sauka, domin batirin waya na saurin mutuwa a irin wannan sanyi.